Yadda Mai Ciwon Suga Ko Mai Allurar Rage Ƙiba Zai Shirya Wa Gwajin Leƙa Ciki

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin leƙa ciki a nan Katsina. A nan ake zura wa mutum siririn tiyo mai fitila da kyamara a kai, ko dai ta baki a duba maƙoshi da tumbi da farkon hanji, wato endoskofi, ko ta dubura a duba babban hanji, wato kolonoskofi. Shirya mara lafiya shi ne aikina. A da tambaya ɗaya muke yi: "Yaushe rabonka da abinci?" In ya ce tun bayan isha'i, sai mu ce bismillah, hau gado. Yanzu wannan amsar ba ta isar mu.

Wata Hajiya ce ta fara koya mini haka. Ƙwannafi ya kawo ta. Ta ce rabonta da abinci tun takwas na dare, muka zura tiyo wajen tara na safe, sai ga shinkafa da wake a kan allo, a zaune daram, har ganyen salak ana gane shi. Likita bai ce komai ba, ya janye tiyon. Da ta farfaɗo na ce, "Hajiya, ko kun ɗan taɓa wani abu da asuba?" Ta ce, "Wallahi ɗiyata, ko ruwa ban kurɓa ba." Kuma gaskiya ta faɗa. Can sai 'yarta ta ja ni gefe ta ce, "Anti, akwai wata allura da take yi duk Juma'a a fatar ciki, ta rage ƙiba. Ba ta so a sani." A wurin Hajiya wannan ba magani ba ne, kayan gyaran jiki ne, shi ya sa da aka tambaye ta magungunanta ta lissafa na hawan jini kawai.

Kayan da za ka tanada

Duk magungunanka, cikin kwalayensu, a leda ɗaya. Har da allurar da ke cikin firji, da shayin rage tumbi, da jiƙo, da garin da aka ba ka a gida.

Na'urar gwada suga da tsinkenta aƙalla 10, da allurar huda yatsa sabuwa. Ka duba batir tun kafin ranar. In ba ka da na'ura, ka aro, amma kada ka huda yatsanka da allurar da wani ya yi amfani da ita. In aron ma ya gagara, ka san kemis ko ƙaramin asibitin da ya fi kusa da kai da ke gwadawa, da lokacin da suke buɗewa.

Sukari ko garin gulukos, da lemon kwalba marar kala irin Sprite ko 7Up, na asali mai sukari. Ganyen shayi, ƙullin ruwan gishiri da sukari guda uku ko huɗu, da ruwan sha mai yawa.

Takarda da biro. Sakamakon gwajin ƙoda da na suga na baya-bayan nan. Maganin wanke hanji, in kolonoskofi ne. Sai babban mutum da zai raka ka ya maido ka gida, da lambar wayar ɗakin gwajin.

1. Zazzage ledar, ka karanta ƙaramin suna

Kowane kwali na da suna biyu: babba na kamfani, da ƙarami a ƙarƙashinsa, wanda shi ne ainihin maganin. Ƙaramin nake so ka duba, musamman ƙarshensa.

Wanda ya ƙare da "tide" shi ne irin na Hajiya: semaglutide, wato Ozempic da Wegovy da ƙwayar Rybelsus, liraglutide, wato Victoza da Saxenda, dulaglutide, wato Trulicity, da tirzepatide, wato Mounjaro. Suna kwaikwayon wani sinadari ne da hanji ke saki bayan an ci abinci, wanda ke ce wa tumbi ya dakata, ya ce wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Da haka suke sauke suga, da haka suke rage ƙiba, kuma da haka suke sa tuwon jiya ya kwana ya wuni a ciki. Tumbin mai lafiya kan sauke kusan duk abincin da aka ci cikin awa huɗu. Na mai wannan allura yana iya riƙe shi fiye da awa goma sha biyu.

Ga inda haɗarin yake. Idan kana farke abu ya nufi hanyar iska, sai ka ƙware, ka yi tari, ya fito. Idan an yi maka allurar barci wannan tarin ya yi rauni, ga tiyo a maƙogwaro, ga iska ana hurawa cikin tumbi don a gani sosai. Abin da ke ciki ya taso, sai ya zarce huhu da tsaminsa, ya ƙone shi, ya bar ciwon huhu. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, kada in tsorata ka. Abin da muka fi gani shi ne abinci ya rufe bangon tumbi, likita ya kasa ganin gyambon da ake nema, a soke gwajin, ka sake biyan kuɗi da wahala.

Wanda ya ƙare da "gliflozin" shi ne mai fitar da suga ta fitsari: dapagliflozin, wato Forxiga, empagliflozin, wato Jardiance, canagliflozin, wato Invokana. Ana ba masu ciwon zuciya da na ƙoda shi ko ba su da suga, don haka kada ka ce ai ni ba ni da suga, ka ƙi dubawa.

Wanda ya fara da "gli" shi ne mai faɗar da suga in ba a ci abinci ba: glibenclamide, wanda kowa ya sani da Daonil, glimepiride, wato Amaryl, gliclazide, wato Diamicron. Sai metformin, sai masu ƙarewa da "gliptin" irin su Januvia da Galvus da Trajenta, waɗanda ba su cika ba mu matsala ba. Sai insulin.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne ƙwaya mai magani biyu. Xigduo da Synjardy metformin ne haɗe da gliflozin. Glucovance metformin ne haɗe da glibenclamide. Allurar Soliqua da ta Xultophy insulin ne haɗe da mai "tide". Mutum zai ce maka "metformin kawai nake sha", ka karɓi kwalin ka ga suna biyu. In allurarka a hannu ka saye ta, ko tsaraba aka kawo maka daga Dubai ko Saudiyya, ko ba ta da kwali, ka kawo ta a gani. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Burazil da Ingila da Amurka, don haka rubutun jikin alƙalami ba kullum ne shaida ba.

A takardarka ka rubuta sunan kowane magani, da yawansa, da lokacin sha. Allurar mako-mako kuma ka ƙara abu uku: ranar da ka fara, ranar da aka ƙara maka yawanta a baya-bayan nan, da ranar da ka yi ta ƙarshe.

2. Kai takardar tun da sauran sati biyu

Ranar da aka ba ka rana, ranar za ka nuna takardar, ba safiyar gwajin ba. Wasu magungunan kwana uku kafin ake tsayar da su, wasu sati guda, in ka zo da labarin a makare babu abin da za a iya sai ɗagawa. Mutum biyu ya kamata su gani: likitan da zai leƙa cikin, da likitan da ke duba ka a asibitin suga. Kada ka tashi sai an rubuta maka, magani bayan magani, wanda za ka tsayar da ranar, wanda za ka rage da nawa, da ranar komawa.

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan sirrin ba na riƙewa ba ne. In kina jin nauyin faɗa gaban maigida ko suruka, ki ce kina son magana da ma'aikaciyar jinya ke kaɗai. Muna yin haka kullum, kuma ba ya fita.

Ka roƙi a sa ka layin farko da safe. Mai suga bai kamata ya zauna a benci da yunwa har azahar ba. Ka tambaya ko za a yi maka allurar barci, ko feshin maƙogwaro kawai, domin shirin ya ɗan bambanta. Ka ambaci maganin tsinka jini irin warfarin da clopidogrel, da ƙwayar ƙarin jini mai baƙanta bayan gida, wadda ake bari kamar sati guda kafin kolonoskofi. In kana shan tramadol ko kodin, ka faɗa, su ma suna daskarar da tumbi. Haka shayin rage tumbi: da yawa filasko ne a ciki, in ya haɗu da maganin wanke hanji sai ruwan jiki ya ƙare.

3. Allurar "tide": a tsayar ko a ci gaba?

A nan za ka ji baki biyu, har tsakanin likitoci, kuma akwai dalili. A watan Yuni na 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta ce mai allurar mako-mako ya bar ta sati guda kafin aiki, mai ta kullum ya bar ta ran aikin. Likitocin ciki na can ba su gamsu ba. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyarsu ta ce a duba kowane mutum da halinsa, wanda ba ya jin komai a cikinsa kuma ya yi azumin da aka saba a yi masa gwajinsa. A watan Oktoba na 2024 ƙungiyoyi biyar, har da waɗancan biyun, suka haɗu a kan magana ɗaya: yawancin mutane za su iya ci gaba da allurarsu, amma wanda ake jin tsoron cikinsa ya yi awa 24 yana shan ruwa-ruwa kawai kafin gwajin.

Ni na fi yarda da wannan ta ƙarshe, don na ga dalilinta da idona. Semaglutide ba ya fita daga jiki da wuri. Bayan sati guda rabinsa ne kawai ya tafi, sai kusan sati biyar yake ƙarewa. Wanda ya tsallake allura ɗaya ya zo yana ganin ya wanke, alhali maganin na nan yana aiki, ga kuma sugansa ya hau. Ƙwayar Rybelsus ma haka take: kullum ake sha, amma daɗewarta a jiki irin ta allurar ce. A gefe guda kuma, waɗanda ake yi wa leƙen sama da na ƙasa, wato endoskofi da kolonoskofi, rana ɗaya, da yake sun wuni a kan ruwa saboda wankin hanji, tumbinsu kan zo fes ko suna kan allurar. Daga nan aka ɗauko dabarar.

Wa ake jin tsoron cikinsa? Wanda bai daɗe da farawa ba kuma ana kan ƙara masa, misali daga 0.25 zuwa 0.5 zuwa 1 na Ozempic, domin a wannan lokacin tumbi ya fi nawa. Wanda ke kan babban awo, kamar 2.4 na Wegovy. Mai tashin zuciya, amai, kumburin ciki, gyatsa mai wari, ko taurin bayan gida. Da wanda suga ya daɗe a jikinsa har ya taɓa jijiyoyin tumbi, irin mai cewa "loma uku na ƙoshi", ko ya yi aman abincin jiya da safe. Wannan na ƙarshen ko bai taɓa ganin allurar ba, cikinsa na iya zuwa a cike.

In kana kan ƙarin awo kuma gwajin ba na gaggawa ba ne, likita na iya cewa a jira ka daidaita. In ya ce ka tsallake sati guda, ka bi, amma ka haɗa da wunin ruwan, kuma ka riƙa gwada suga. Abin da ba na so shi ne mutum ya yanke wa kansa hukunci don ya karanta wani abu a waya. Gaggawa kuwa daban ce: mai aman jini ko baƙin bayan gida ba a jiran allura ta fita, ana yi masa a ranar, da shirin mai cikakken ciki.

4. Mai "gliflozin": kwana uku

Wannan bai da ruwa da cikar tumbi, nasa haɗarin a jini yake. In mutum na shan sa ya daina cin abinci, ruwan jikinsa kuma ya ragu, jiki kan koma ƙona kitse, wani tsami da ake kira kiton ya taru a jini. Mugun abin shi ne na'urarka za ta nuna suga lafiya lau, 140 ko 160, kai kuwa kana amai, ciki na ciwo, numfashi na fita da ƙarfi. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta a takardar maganin cewa a tsayar da shi kwana uku kafin tiyata, ertugliflozin kuma kwana huɗu. Kolonoskofi, da wunin ruwansa da zawonsa, muna ɗaukar sa kamar haka: in ranar Alhamis ce, shan ƙarshe ranar Lahadi. Leƙen sama kaɗai, wanda azuminsa gajere ne, wasu likitocin ranar kawai suke cewa a bari. Ka tambaya. In ka manta ka sha, kada ka yi shiru, ka kira.

5. Abinci

Mai kolonoskofi ya fara gyara tun saura kwana uku. A bar duk abin da ke barin tuƙa ko 'ya'ya: zogale, rama, kuka, kuɓewa, wake, gyaɗa, riɗi, aya, gwaiba, kankana, dambu, tuwon dawa da na alkama. A koma farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai, kifi. Masu suga hanjinsu ya fi wuyar wankuwa, allurar "tide" kuma tana ƙara ɗaure ciki, don haka in kana kwana biyu ko uku ba ka zaga ba, ka faɗa tun farko a ƙara maka shiri.

Ranar jajibiri ita ce ranar ruwa, ga mai kolonoskofi da kuma mai allurar da aka ce ya yi awa 24. A nan nake shan fama da mutanenmu. Na ce wa wani dattijo daga wajen Mashi ruwa-ruwa kawai, washegari na tambaye shi, ya ce, "Na kiyaye, Malama. Hura kaɗai na sha, kwano biyu." A Katsina da Daura ba za ka ce wa mutum fura ba abin sha ba ce ya yarda da kai cikin sauƙi. Amma gero da nono ne, a tumbi abinci ce cikakkiya. Haka koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, kunun zaƙi, kunun aya, yogot, da shayi mai madara. Ga ma'aunin da nake ba kowa: zuba a kofin gilashi, ɗora a kan jarida. In kana iya ganin rubutun ta cikinsa, sha.

Abin da ya halatta: ruwa, baƙin shayi, lemo marar kala, ruwan gishiri da sukari, romon kaza da aka tace aka kwashe mansa. Zoɓo a bar shi ko da an tace, jansa kan yi kama da jini a bangon hanji.

Wani kuskuren na masu kiyayewa ne. Mai suga ya saba gudun zaƙi, sai ya wuni a kan ruwa zalla, da la'asar ya fara karkarwa. Ranar ruwa dole wani abin shan ya zama mai sukari, domin shi ne abincinka. Ka riƙa jerantawa: kofin ruwa, kofin shayi mai sukari, romo, ruwa, rabin kwalbar lemo, a rarrabe cikin wuni. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafin garin nan ke haura 40, ka ƙara ruwa sosai.

Maganin wanke hanji ya fi aiki in an raba shi biyu, rabi da yamma, rabi da asuba, a gama aƙalla awa biyu kafin gwaji. Alamar ya yi ita ce abin da ke fita ya koma ruwa tsararo mai launin fitsari. In ya sa ka amai, ka huta rabin awa, ka sanyaya shi, ka ci gaba da kurɓa kaɗan-kaɗan. Mai ciwon ƙoda kada ya sayi kowane iri a kemis, akwai waɗanda ba su dace da shi ba. Wanda zai taso daga Daura, tafiyar kusan kilomita 80, ko Funtuwa ko Jibiya, ya kwana a cikin gari wurin 'yan'uwa. Mai wankin hanji ba ya shiga motar haya.

6. Sauran ƙwayoyi da insulin

Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da aka fi rubutawa, don ka gane takardar likitanka. Ba madadinta ba ne.

Daonil da 'yan'uwansa ba a shan su safiyar gwaji, mai wunin ruwa kuma tun ranar jajibiri yake bari. Glibenclamide ya fi su naci, musamman a jikin tsofaffi da masu raunin ƙoda, yana iya faɗar da suga ya sake faɗarwa bayan an tayar. Metformin shi kaɗai ba ya cika faɗar da suga, amma ba ya son jiki marar ruwa, don haka ana ajiye shi daga lokacin da aka fara wankin hanji, mai leƙen sama kuma ya bar na safiyar. Masu "gliptin" galibi ana barin mutum da su.

Insulin mai dogon aiki irin Lantus ana rage kashi ɗaya cikin biyar a daren: mai yin 20 ya yi 16. Mai gauraye irin Mixtard akan rage na safe zuwa rabi, ko a jinkirta shi har a ci abinci. Mai gajeren aiki irin Actrapid na abinci ne, in babu abinci babu shi. Wanda sugansa irin na farko ne, wanda tun yarinta yake kan insulin, ba ya tsayar da mai dogon aikin ko da bai ci komai ba. Na taɓa ganin uwar da ta hana ɗanta allura tun dare saboda tausayi, wai ai azumi yake, ya iso da suga sama da 400 yana amai. Ranar ba gwaji aka yi ba, kwantar da shi aka yi.

Maganin hawan jini ana shan sa da asuba da kurɓi ɗaya na ruwa, sai dai mai sa fitsari, wanda za ka tambaya.

7. Gwada suga

Ranar jajibiri duk bayan awa huɗu, sai kafin barci, da tashi, da kafin fita daga gida. Ka rubuta kowanne da lokacinsa. Na'urori iri biyu ne a kasuwa: mai nuna manyan lambobi irin 126, da mai nuna ƙanana irin 7.0. Raba babba da 18 ka sami ƙarama. Muna so ka iso tsakanin 100 da 180, wato kamar 6 zuwa 10.

Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ya faɗi. Haka in ka ji gumi mai sanyi, rawar hannu, jiri, bugun ƙirji, ko gani dishi-dishi, ko babu na'ura. Narka babban cokali ɗaya na sukari a rabin kofin ruwa ka shanye, ko rabin kofin lemo marar kala. Jira minti 15 ka sake gwadawa, in bai hau ba ka maimaita. Ko saura minti 30 a kira ka, ka sha, sannan ka gaya mana. Kada ka ci dabino ko biskit ko alawar madara, ruwan sukari na barin tumbi da wuri, su ba sa bari. Mai rakiya ya sani: in mutum ya fita hayyacinsa ba a ɗura masa komai a baki, a kai shi ɗakin gaggawa. Sama da 250 sau biyu a jere, ko amai ya ƙi tsayawa, a kira asibiti tun cikin dare.

8. Safiyar gwaji

Ƙa'idar azumin ita ce awa 8 daga abinci mai nauyi ko mai maiƙo ko nama, awa 6 daga abu mai sauƙi irin burodi da shayi ko madara, awa 2 daga ruwa tsararo. Mutanenmu in sun ji azumi sai su tuna Ramadan, su tashi ƙarfe huɗu su yi sahur da ɗumame. Wannan azumin ba shi da sahur. Goro ma abinci ne a wurinmu, muna ganin ɓarɓashinsa ja a manne a tumbi. Zamzam da rubutu ruwa ne, a sha kafin awa biyun ta shiga, sai dai mai rubutu ya gaya mana saboda baƙinsa. In rana ce aka ba ka, ba safiya ba, ka nemi a rubuta maka ƙarfe nawa za ka karya da abin da za ka ci.

Da ka iso za mu gwada suga, mu sake tambaya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: in ka tashi da tashin zuciya, ko ciki a kumbure, ko kana jin abincin jiya a ƙirji, ka faɗa ko da kuɗin mota ya yi maka ciwo. Inda akwai na'urar sikanin a kusa, ana ɗora ta a saman ciki a ga ko tumbi fanko ne, aikin minti kaɗan. Inda babu, likita zai zaɓi ɗaya cikin uku. Ko ya yi da feshin maƙogwaro kawai kana farke, kwance ta gefen hagu, injin zuƙe ruwa a kunne kusa da bakinka, ya leƙa a hankali, in ya ga abinci ya fito. Ko a kira likitan sa barci ya sa bututun numfashi ya toshe hanyar huhu kafin a fara, wanda ya fi tsada kuma ba ko'ina ake yi ba. Ko a ɗaga zuwa wata rana bayan wunin ruwa. Hajiyar da na ba da labarinta a farko, zaɓi na ukun aka yi mata. Ta dawo bayan sati guda, ba ta tsayar da allurarta ba, ta wuni a kan shayi da romo, tumbin ya zo wankakke, aka ga ɗan gyambon da ke damun ta a ƙasan maƙoshi.

9. Bayan an gama

In an fesa maka maƙogwaro, ka jira kamar awa ɗaya, ka gwada da kurɓin ruwa. In ya wuce ba ka ƙware ba, ka ci abu mai sauƙi. Yanzu kokonka da furarka sun halatta. Ka gwada suga kafin ka bar asibiti. Wanda aka yi wa allurar barci ba tuƙin mota, ba babur, ba sa hannu a takardar ciniki sai bayan awa 24, ko da yana jin garau.

Insulin na abinci da Daonil da metformin suna dawowa tare da cin abinci na sosai. Kada ka haɗa na safe da ka tsallake da na dare. Mai "gliflozin" ya jira sai ci da sha sun koma daidai, galibi washegari ko jibi. Allurar mako-mako ta koma ranarta. In ɗage-ɗage ya sa ka tsallake sati biyu ko uku, kada ka koma kan babban awonka kai tsaye, ka tambayi likita, domin sau da yawa sai an sauko an sake hawa, in ba haka ba amai zai wahalar da kai.

Cikin kwana biyu na farko, in zazzaɓi ya zo da tari ko numfashi na yi maka wuya, ka koma asibiti a ranar ka ce an yi maka leƙen ciki, kada ka tsaya sayen maganin maleriya a kemis. Haka in ciki ya murɗa ya yi tauri, ko ka ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta. Mai "gliflozin" da ke amai da kasala ya ce a gwada masa kiton a jini ko a fitsari, ko da na'urarsa ta nuna 130, kuma ya tafi da kwalin maganin a hannu.